Motar da Ke Mutuwa In An Taka Kuloci: Yadda Muka Bi Sawun Matsalar

Mai motar ya shigo gareji da hukuncinsa a hannu. Bai ma kashe inji ba ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, kulocin nan da aka sa mini shi ya ɓata mini mota. A sauke giya a cire shi kawai." Na ce ya fito mu yi magana tukuna, domin sauke akwatin giya aikin yini guda ne, ni kuma ba na kwance abin da ban kama da laifi ba.

Motar ƙarama ce, silinda huɗu, lita 2.0, da turbo (fankar da ke cusa wa inji ƙarin iska), giyar hannu biyar, ƙirar farkon shekarun 2000. Totur ɗinta ba na lantarki ba ne, waya ce ke jan sa daga ƙafar direba, don haka a jikin maƙogwaron totur akwai wani ɗan bawul da ƙwaƙwalwar inji ke buɗewa da rufewa don ta riƙe silo, wato juyin da inji ke yi shi kaɗai in ƙafa ba ta kan totur. Iskar da ke shiga kuma sensar da ake kira MAF ce ke auna ta, tana zaune bayan matatar iska, kafin turbo. A riƙe waɗannan biyun, kusan duk labarin a kansu yake.

A bakinsa ƙorafin ɗaya ne: mota na mutuwa. Da na ja shi da tambaya sai ya rabu gida biyu. In inji ya ɗau zafi mota na tsaye, allurar juyi ba ta zama wuri ɗaya. Ta hau 1,100, ta sauko 600, ta sake hawa kamar mai haki, in an kunna esi wani lokacin ta mutu. Sannan in yana tafiya ya taka kuloci zai tsaya, allurar kan faɗo ta wuce inda ya kamata ta tsaya, inji ya yi karkarwa ya ɗauke. Ki ɗaya take tashi kamar ba abin da ya faru. Da safe kuwa, inji da sanyi, lafiya lau.

Wannan bayani ya rage mini aiki. Injin da ke tashi nan take bayan ya mutu da wuya a ce wutarsa ce ke yankewa ko mai ke daina zuwa. Sensar karanshaf (babbar sandar da inji ke juyawa) da ke gazawa in ta yi zafi, ko famfon mai da ya gaji, sukan ajiye mutum a gefen titi na wasu mintuna. Lafiyar safiya ma tana da dalili. Inji mai sanyi ƙwaƙwalwa na ba shi ƙarin mai, ta ɗaga silo ya haura 1,200, kuma ba ta fara sauraron sensar oksijin da ke cikin salansa ba tukuna. Kurakurai da yawa kan ɓuya a wannan yanayi.

Na ce ya jera mini abin da aka canza a motar, kowanne da lokacinsa. Masu irin waɗannan motoci ba sa son tambayar nan, sukan ji kamar tuhuma ce. Ya jera. Babbar salansa da matatar iska mai siffar mazurari, irin wadda ake shafa wa mai, sun fi shekara a jiki ba tare da matsala ba. Bayansu ya sa bawul ɗin nan mai fitar da iskar turbo waje, mai yin "fisss" in an saki totur. Daga nan salansa ta fara ɗan harbi, yana jin warin fetur jefi-jefi, amma mota ba ta mutuwa. Na ƙarshe shi ne filawil (faifan ƙarfen da ke bayan inji, wanda kuloci ke kamawa) mara nauyi da kuloci mai ƙarfi, kwanaki kaɗan bayansu aka shiga wannan hali. Ƙwaƙwalwar inji kuwa ba wanda ya taɓa ta, tana nan da lissafin da ta fito da shi daga kamfani.

Kafin ya zo wurina an canza fulogi, an canza famfon mai, wani kuma ya "ɗaga masa silo". Na tambaye shi yadda aka ɗaga. Ya ce da sukudireba. Na riƙe wannan a raina.

Kuloci

Zargin da ya yi wa kuloci ba shirme ba ne. Duk sanda aka taka kuloci ana tura karanshaf ta tsawonsa, akwai kuma wani siririn ƙarfe a cikin inji da ke tare wannan turi. Kuloci mai ƙarfi yana ƙara masa wahala. In ya cinye, karanshaf kan zame ya goga inda bai kamata ba, inji ya yi nauyi, ya mutu da zarar an taka. Ita ce amsa mafi muni, don sai an sauke inji, shi ya sa na fara kawar da ita.

Gwajin ba ya cin komai. Mota a tsaye, giya a firi, inji da zafi, yarona na taka kuloci yana saki ina kallon allura. Ba ta faɗi ba. In ma akwai canji to ɗan sauƙi inji ke samu, tunda taka kuloci na raba shi da sandar da yake juyawa cikin man giya. Duk da haka na kafa ma'auni mai allura a goshin fulin karanshaf, muka tura gaba muka ja baya da ƙarfe. Milimita 0.12, yana cikin iyakar da littafin motar ya bayar.

Sai abubuwan da akan manta in an mayar da giya. Wayar da ke haɗa inji da bodi tana ɗaure, batir na samun bolt 14.1. Makunnin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa giya na firi yana a jone, mita ta nuna yana aiki. Na sa yaron ya yi ta danna birki inji na silo, ko tulun da ke taimaka wa birki da zuƙar inji yana yoyo, tunda mai tsayawa birki da kuloci yake takawa tare, kuma sau da yawa akan ɗora wa ɗaya laifin ɗayan. Nan ma ba komai.

Abin da ƙwaƙwalwa ta haddace

Motar na da soket ɗin OBD-II, inda ake jona na'urar karanta ƙwaƙwalwa, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun ƙirar 1996, a Turai kuma a motocin fetur daga 2001. Na jona na'ura. Lamba ɗaya ce a ajiye, P0171, ma'anarta mai ya yi kaɗan a cakuda. Nan na gane dalilin canza famfo: an ga "mai ya yi kaɗan", aka tafi wajen mai kawo mai. An bar jaki ana dukan taiki. Lambar ba ta ce famfo ya gaza ba, cewa ta yi mai da iska ba su daidaita ba, kuma hakan na faruwa ko mai ya ragu ko iska ta ƙaru.

Injin fetur na son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin iska. MAF ce ke gaya mata giram nawa suka wuce a daƙiƙa, ita kuma ta lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe nozul. Bayan an ƙone, sensar oksijin ta shinshina hayaƙi ta ce an dace ko an kuskure, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ko ta rage. Gyaran da take yi nan take na'ura kan nuna shi da sunan STFT, wanda ta haddace saboda ya daɗe yana maimaituwa kuma LTFT. Sifili na nufin lissafin farko ya yi daidai. Kashi 5 sama ko ƙasa ba abin damuwa ba ne, in an haura 10 sai a tashi tsaye.

A silo, gyaran da ta haddace ƙarin kashi 17 ne cikin ɗari, na nan-take kuma na yawo tsakanin sifili da ƙarin 8. Na ɗaga juyi zuwa 2,500 na riƙe, mota na tsaye. Jimillar biyun ta sauko ƙarin kashi 4 zuwa 5.

Wannan saukowa ita ce ta faɗi inda ɓarawon yake. A silo totur a rufe yake, zuƙar manifol (bututun da ke raba wa silinda iska bayan totur) na kan ganiyarta, iskar da inji ke buƙata kuma 'yar kaɗan ce, saboda haka ƙaramar huda kan shigo da kaso mai tsoka na iskar da MAF ba ta gani ba. Da an buɗe totur zuƙa ta ragu, iskar halal ta yawaita, abin da hudar ke shigowa da shi ya zama ɗigo a cikin tulu. Da famfo ne ya gaji, ko matatar mai ta toshe, da akasin haka za a gani: lafiya a silo, yunwa in an ɗora wa inji kaya. Sauran awo duk hanya ɗaya suka nuna. A duk sanda juyi ya ratsa 800, MAF na cewa giram 1.8 a daƙiƙa, alhali inji mai wannan girma da zafinsa ya kan nuna 2.5 ko sama kaɗan. Ma'aunin zuƙa ya tsaya wajen inci 15 yana rawa, lafiyayyen inji kuwa 17 zuwa 21 yake bayarwa, sai dai a tudu, inda akan rasa kusan inci ɗaya a kowace mita 300 ta tsawo. Don kada in bar kafa, na auna ƙarfin turin mai: "bar" 3 a ma'auni in an zare tiyon zuƙa daga na'urar daidaita shi, yadda littafi ya ce. Sabon famfon lafiyarsa ƙalau, kuma na tabbata tsohon ma haka yake.

Wasu kan nemi huda ta hanyar fesa maganin wanke kafireta a jikin tiyo inji na aiki, su saurari inda juyi zai canza. Ba na yin haka a kusa da turbo mai zafi. Na kashe inji, na toshe bututun bayan MAF, na tura hayaƙi da injin hayaƙi. Kafin minti ɗaya ya fara tasowa daga ƙarƙashin manifol, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi. Tiyon da ke kwaso tururin baƙin mai daga cikin inji ya kai shi manifol ne. Shekaru da zafi sun mayar da shi kamar busasshen kara, ya tsage ta ƙasa wajen santimita biyu. In an sauke giya inji kan rasa ɗaya daga cikin madogaransa ya karkata, duk abin da ke haɗe da shi ya ja. A ganina ranar ya tsage. Ashe mai motar bai yi kuskuren rana ba, kuskuren mai laifi ya yi.

Wani abin lura a injin turbo: huda irin wannan fuska biyu gare ta. A silo iskar da ba a auna ba take shigowa da ita, mai ya yi kaɗan. In turbo ya cika manifol da iska sai ta juya tana fitar da wadda aka riga aka auna, mai ya yi yawa. Tsaga ɗaya, ciwo biyu masu karo da juna.

Muka sa sabon tiyo, na share abin da ƙwaƙwalwa ta haddace, na tayar. Gyaran mai ya zauna ƙarin kashi 3. Amma silo bai sauka ba, ya tsaya 1,050 yana ɗan hawa da sauka. Lokacin sukudireba ya yi ke nan.

A jikin maƙogwaron totur akwai ɗan noti da faifan totur ke jingina da shi in ya rufe. Kamfani kan saita shi ya ɗiga masa fenti, alamar a bar shi. Fentin ya fashe. Mutumin da ya murɗa shi da kyakkyawar niyya ya yi, kuma a motar kafireta da ya yi daidai. A nan kuwa abu biyu ya ɓata. Iskar da ke wucewa ta gefen faifan, haɗe da ta hudar, ta fi abin da silo ke so, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta rufe bawul ɗinta har ya kai ƙarshe, ta rasa linzami, ta koma wasa da lokacin wuta don ta danne juyi. Na biyu ya fi wannan. Sensar da ke faɗin matsayin totur ya kamata ta nuna wajen bolt 0.5 in an saki. Tana nuna 0.71. Wani lokaci ƙwaƙwalwa ta ɗauka an saki totur ta kama aikin silo, wani lokaci ta ɗauka ƙafar direba na kai ta sakar masa. Hakin da allura ke yi ke nan. Shi ne kuma dalilin da esi ke kashe ta: kwamfiresa ya ɗora nauyi a lokacin da mai tallafa wa inji bai san aikinsa ya zo ba.

Na mayar da notin yadda littafi ya tsara, sensar ta dawo 0.5. Na cire bawul ɗin silo, na same shi da baƙin danƙo har yana cijewa in an juya shi da yatsa. Na wanke shi, na wanke maƙogwaron, na sa sabon gasket. Muka bar inji ya yi silo da zafinsa wajen minti goma, ba fitila ba esi, don ƙwaƙwalwa ta koyi sabon matsayinta. Allura ta zauna 750 kamar an kafe ta. Aka kunna esi, ta ɗan duƙa ta miƙe.

Inda na kusa yin kuskure

Na fita da motar na zagaya minti ashirin, na tsaya a danja sau da yawa, ba ta mutu ba. Na kira mai ita na ce ya zo ya ɗauka. Allah ya taimake ni, da ya zo sai na ce ya ja ni mu ɗan zaga, ina gefe da na'ura a cinya. A miƙaƙƙen titi na farko ya ba ta wuta a giya ta uku har 4,500, ya hango mahaɗa, ya saki totur ya taka kuloci lokaci guda. Bawul ya yi "fisss", allura ta zubo kamar an jefo dutse, ta taɓa 400, inji ya girgiza ya mutu. Ya juyo ya dube ni bai ce komai ba.

Laifina ne. Ni tuƙin dattawa na yi, ban taɓa barin turbo ya cika ba, kuma ina rage gudu da giya kafin in taka kuloci. Na warkar da ciwon tsaye na ɗauka na warkar da na tafiya, alhali tun farko da bakinsa ya ba ni su a rabe.

Muka koma na ɗaura ma'aunin cakuda mai faɗin zango a bakin salansa, irin wanda ke faɗin ainihin adadi, tunda sensar motar iyakarta ta ce "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan". Muka maimaita abin da ya yi sau goma. Kowane karo, da sakin totur cakuda kan faɗa wajen 10 a kan 1, ya yi kusan daƙiƙa guda a can. Sau biyu ta mutu, sauran ta farfaɗo da ƙyar.

Ga abin da ke faruwa. In an saki totur ana tsakiyar wuta, faifan totur ya rufe, amma turbo na ci gaba da juyawa, dubu ɗari ko fiye a minti, yana tura iskar da ba ta da wurin zuwa. Dole a sama mata mafita. Motocin da ke auna iska kafin turbo, irin su Subaru Impreza WRX da Mitsubishi Lancer Evolution na wancan zamani, da bawul mai mayarwa suke fitowa: ya buɗe, iskar ta zagayo ta koma bakin turbo, bayan MAF. Tana nan cikin gida, MAF kuma ba ta ganin sabuwar iska mai yawa na wucewa. Bawul mai fitarwa waje kuwa zubar da ita yake yi, turbo ya ci gaba da jawo wata ta cikin MAF yana zubarwa. MAF ba ta yi ƙarya ba, iskar ta wuce ta gabanta. Ƙwaƙwalwa ta auno mai daidai da ita ta zuba wa injin da totur ɗinsa ke rufe. Mai ya shaƙe shi. Wanda bai ƙone ba ya tafi salansa, shi ne harbin da warin da ya ce yana ji tun kafin a taɓa kuloci.

Mai karatu da ya san aiki zai ce ai ƙwaƙwalwa kan yanke mai gaba ɗaya in an saki totur juyi na sama. Haka ne, kuma nan kuloci ya shigo. In mota na cikin giya tayoyi ke juya inji, juyi na sauka sannu a hankali, kafin ya iso inda ake dawo da mai, ɗan sama da dubu ɗaya, turbo ya huce, MAF ta koma faɗin abin da inji ke sha. In an taka kuloci kuwa ba abin da ke riƙe inji, cikin ƙiftawar ido ya iso wurin, a dawo masa da mai alhali turbo bai gama zubar da iska ba. Mun gwada wannan ma: wuta iri ɗaya, a saki totur, a bar ta cikin giya har 1,500 sannan a taka kuloci. Sau goma, ko gezau.

A baya, lokacin da tiyon ke tsage, ƙwaƙwalwa na ƙara kashi 17 a kan wannan man da dama ya yi yawa. Shi ya sa a kwanakin nan take mutuwa kusan kowace tsayawa.

Na tambaye shi ko bawul ɗin asali na nan. Yana cikin but, a kwali. Muka mayar da shi, muka zare toshiyar da aka sa a bututun komawarsa muka jona tiyonsa, ba mu taɓa komai ba bayan wannan. Sau goma kuma. Cakuda bai sauka ƙasa da 13 ba, mota ba ta mutu ba ko sau ɗaya.

Ya yi shiru, can ya ce, "Oga, ni fa sautin nan na saya." Na ce, "Na sani, ƙanena. Amma da fetur ɗinka kake biyansa, da fulogi, da tukunyar tace hayaƙi da ke salansa, don ɗanyen mai na cinye ta." Ya ce an gaya masa in an ɗaure sifirin ɗin bawul ɗin ya yi tauri matsalar za ta tafi. Takan ragu, gaskiya ne, saboda bawul ɗin ya daina buɗewa sosai. Sai iskar ta koma ta bugi fukafukan turbo, a ji wannan "tututu" da wasu ke sha'awa. Ban ga ribar sauya ciwon silo da wahalar da turbo ba. Hanyar gaskiya ga mai son sautin ita ce a sauya wa ƙwaƙwalwa tsarin lissafi, ta bar dogaro da MAF, ta koma auna matsin iska da zafinta a cikin manifol. A wannan tsari abin da aka zubar kafin totur bai shafe ta ba. Aiki ne na mai saita ƙwaƙwalwa, a kan na'urar gwajin ƙarfi, ba na sukudireba ba. Akwai kuma bawul mai raba iskar biyu, rabi waje rabi ciki, wanda ke rage kuskuren bai kawar da shi ba.

Saura filawil

Ko da bawul ɗin asali, allura na nutsawa zuwa wajen 580 kafin ta dawo 750, in esi na kunne har fitilun gaban direba su ɗan dushe. Wannan rabon filawil ne.

Inji mai silinda huɗu sau biyu yake bugawa a kowane juyi. A 750 bugu 25 ke nan a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu kuma ba abin da ke tura fistin ya matse iska sai ƙarfin da filawil ya adana. Wanda aka cire, da muka ɗora a sikeli, ya haura kilo 10 kaɗan. Takardar sabon ta ce 5.5. Nauyin da aka rage kuma mafi yawansa daga baki ne, inda ya fi tasiri. Ƙarfin da ke cikin abu mai juyawa da murabba'in gudunsa yake tafiya, don haka injin da ya faɗo 400 bai riƙe ko sulusin abin da yake da shi a 750 ba. A rage wannan kuma da kusan rabi. Ƙwaƙwalwa an rubuta mata lokacin da za ta buɗe bawul ɗin silo ta tari inji bisa saurin faɗuwar filawil mai nauyi; yanzu kafin ta miƙa hannu ya wuce. Filawil bai ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin kurakuran ba. Tun da aka sa shi tsohon na haɗiye shaƙewar da bawul ke jawowa, yana ɗauke inji ya ƙetare wannan daƙiƙa ɗaya, sabon ne ya kasa. Na kuma gargaɗe shi cewa filawil mara nauyi kan sa wasu motoci su kunna P0300, lambar fashin bugu, ba tare da fulogi ya yi fashi ba, domin ƙwaƙwalwa daga rawar gudun karanshaf take gane fashi. In ya ga lambar, kada ya ruga sayen kwayil.

Ban ba shi shawarar cire shi ba. Yana son yadda inji ke ɗaukar wuta da sauri, filawil ɗin kuma ba shi da aibi a ƙirarsa. Na tura shi wurin mai saita ƙwaƙwalwa da buƙata biyu a rubuce: a ɗaga silon da take nema zuwa 850, a kuma sa bawul ɗin silo ya jinkirta rufewa in an saki totur, yadda juyi zai ɗan rataya wajen 1,100 kafin ya sauka. Ɗaga silo ne shi ma, kamar yadda mai sukudireba ya so yi, sai dai wannan karon da sanin ƙwaƙwalwa.

Kafin ya tafi na yi abu na ƙarshe da na jinkirta da gangan don kada ya rikita mini awo. Na cire MAF na fesa mata maganin da aka yi dominta, ban taɓa siririyar wayar da komai ba. Akwai ɗan maiƙo a kanta daga matatar da aka cika wa mai. Gyaran mai a 2,500 ya sauko daga ƙarin 4 zuwa ƙarin 1. Na auna faɗin bututun da take zaune a ciki, ya yi daidai da na asali. Da ya fi shi faɗi da an sami wani aikin, don bututu mai milimita 70 a madadin 65 ya fi shi fili da kashi 16 cikin ɗari, sensar kuma za ta yi ta faɗin ƙasa da abin da ya wuce.

Bayan mako uku ya dawo canjin baƙin mai. Na jona na'ura: ba lamba, gyaran da aka haddace ƙarin kashi 2, silo 850. Na ce ya ja mu fita, ya yi irin tuƙinsa. A giya ta uku ya kai 5,000 ya saki ya taka kuloci, esi na kunne. Allura ta sauko, ta ɗan tsaya a 1,100, ta zauna. Da muka dawo yarona ya buɗe but zai ɗauko galan ɗin mai, sai ga bawul mai "fisss" a cikin kwalin da na asali ya fito, an goge shi tas an naɗe da tsumma. Ya ce ya riga ya tambayi mai saita ƙwaƙwalwa kwana nawa sauya tsarin lissafin zai ɗauka.